'Yata na son karatun likitan gashi, baffanta ya ce tausa ce kawai

Wani malamin firamare daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ya aiko da wannan tambaya: "Likita, ina da yarinya a aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Tun da kakarta ta samu shanyewar ɓarin jiki muka riƙa kai ta gashi asibiti, ita ke raka ta, shi ke nan ta ƙallafa rai sai ta karanci wannan aiki. Baffanta ya ce ai tausa ce, ba a ɓata shekaru a jami'a a kanta, gara ta shiga makarantar koyon aikin lafiya ta fito da wuri. Shekara nawa ake yi, me ake buƙata, kuma ya dace da 'ya mace?"

Malam, Allah ya ƙara wa Iya sauƙi, yarinya kuma Allah ya yi mata albarka. Ka gaishe min da baffanta, ka ce ban ga laifinsa ba. Sunan da muka laƙaba wa aikin da Hausa shi ya jawo mana. Da an ce gashi, abin da ke faɗo wa mutum a rai tsumma ne da ruwan zafi, ko fitilar nan mai jan haske da ake haska wa mutum a baya. Ni kaina har na kai aji uku a jami'a kawuna yana gaya wa mutane a kasuwar garinmu cewa ɗori nake koyo a birni. Mu a asibiti fisiyo muke cewa, da shi kuma zan ci gaba.

Bari in fara da lissafin shekaru, tunda shi ne zai taɓa aljihunka. Digirin fisiyo shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB. A 'yan shekarun nan Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da sabon tsari na shekara shida da ake kira DPT, jami'o'i kuma suna ta komawa kansa, saboda haka ka sa shida a ranka. In ta gama akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, wadda muke kira intanshif, sannan shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Bakwai ko takwas ke nan daga ranar da ta taka jami'a zuwa ranar da za ta nemi aiki na dindindin, in komai ya tafi daidai. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Abin da zai ɗan sanyaya maka rai shi ne shekarar intanshif ana biyan albashi, hidimar ƙasa ma akwai alawus, don haka ɗawainiyarka ta gaske tana cikin shekarun jami'a ne.

Yanzu ga maganar baffa: me ake koyo har shekara biyar ko shida? Zan amsa masa da abin da ya faru a gabana.

Wata Litinin aka shigo min da wani magidanci, manomi, ɗan uwansa na riƙe da shi. Ciwon baya ne, wata huɗu. An yi ƙaho, an shafa man zafi, an sha jiƙe-jiƙe, sai wani ya ce su zo asibiti a gasa masa. Na sa ya cire riga. Wandonsa ya yi masa yawa, ya ƙulle shi da igiya. Na tambaye shi ko da can haka yake, ya ce a'a, ramewa ya yi. Yana gumi da dare? Yana yi, har tabarma ta jiƙe. Ciwon yana lafawa in ya kwanta? Ba ya lafawa, da dare ma ya fi tashi. Na bi ƙashin bayansa da yatsa gaɓa bayan gaɓa, a tsakiya na ji wani ɗan tudu, na ƙwanƙwasa a hankali ya zabura. Na gwada ƙarfin ƙafafunsa, na ga sun fara rauni. Na ce masa ba zan taɓa bayan nan ba yau, ga takarda, a je a yi hoto a ga likita. Ɗan uwan ya fusata: "Mun biya kuɗin mota tun daga ƙauye, ko fitila ba za a haska masa ba?" Hoto ya fito, tibi ce ta ci ƙashin baya. Da na kwantar da shi na danna wurin nan da ƙarfi kamar yadda suke so, ƙashin da ya riga ya rube zai iya burmawa ya matse laka, mutumin da ya shigo da ƙafarsa a fitar da shi a keken guragu. Magani ya sha na watanni, daga baya ya dawo hannunmu muka yi aikin ƙafafun.

Hannu kowa yana da shi, Malam. Tausa kuwa a sati biyu zan koya wa yarinyarka. Shekarun nan ana kashe su ne wajen sanin abin da ke ƙarƙashin fata, da sanin jikin da za a taɓa da wanda taɓa shi ganganci ne. Ƙafar mai jego da ta kumbura ɓari ɗaya tana zafi, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. In aka murza ta, gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, ana iya rasa rai. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin taɓi, in ka sa masa zafi zai ƙone yana yi maka hira. Irin waɗannan su ake biya wa kuɗin makaranta.

Shekarar farko ba ta da bambanci da ta sauran ɗaliban kimiyya: Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, Lissafi da darussan gama-gari. Sai dai kada ta ɗauke ta shekarar hutu, domin da sakamakonta ake tace waɗanda za su wuce, wanda ya gaza a mayar da shi wani kwas.

Aji biyu shi ne inda gizo ke saƙa. Nan ake shiga ilimin ƙirar jiki, anatomi, da na yadda sassan jiki ke aiki, da na sinadaran jiki. Ƙasusuwa 206 ne a jikin baligi, tsokoki sun haura 600, kuma ba sunansu kaɗai za ta haddace ba: kowace tsoka daga ina ta taso, ina ta maƙale, wace jijiya ke kai mata saƙo, wane motsi take yi, in ta mutu me mutum zai kasa yi. Ana koyon wannan a kan gawa, gara ka sani tun yanzu ka kuma gaya mata. Ranar farko da muka shiga ɗakin, warin sinadarin da ake adana gawa da shi ya sa idona ruwa kafin a yaye ledar da aka rufe ta. Na yi kwana goma ban iya cin nama ba. Wata 'yar ajinmu ta fita da gudu, washegari ta dawo, kuma ita ta fi mu duka maki a ƙarshen shekara. A kwasa-kwasan lafiya 50 ne makin ci, ba 40 ba, wanda ya faɗi ya sake, in ya kuma faɗi ya maimaita aji. Yawancin waɗanda na ga sun zube a hanya, a nan suka zube, kuma ba daƙiƙai ba ne. Yara ne da suka saba karatun dare ɗaya kafin jarrabawa, anatomi kuwa ba ta yarda da wannan.

Daga aji uku ake shiga aikin kansa. Ilimin motsin jiki, atisayen magani, aikin hannu a kan gaɓoɓi da tsokoki, da amfani da zafi da sanyi da wutar lantarki da na'urar sauti wajen rage ciwo ko farkar da tsoka. Fiziks ɗin da yara ke gudu a sakandare nan yake dawowa ya tare su. Za ta koyi auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5, inda 0 ke nufin ko motsi babu, 3 mutum na iya ɗaga gaɓar da kansa, 5 kuma cikakken ƙarfi. Za ta koyi auna lanƙwasar gwiwa da ɗan ma'aunin kusurwa, ta rubuta, domin bayan sati uku a san ko an ci gaba ko ana yaudarar kai. Ana kuma karanta ilimin cututtuka da na magunguna daidai gwargwado, ba don ta rubuta magani ba, don ta san abin da majinyacinta ke sha da abin da zai iya jawo masa.

Shekarun ƙarshe a asibitin koyarwa ake yin su, ana zagayawa sashe-sashe: ƙashi da karaya, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yara, mata da haihuwa, zuciya da huhu, ƙuna, har ɗakin kulawa ta musamman, inda aikinmu shi ne fitar da majina daga ƙirjin wanda ba ya iya tari da juya shi kada ya yi gyambon kwanciya. Akwai fita karkara, akwai binciken kammala karatu. Jarrabawar ƙarshe ba a takarda kaɗai take ba. Za a ba ta majinyaci na gaske da ba ta taɓa gani ba, ta bincike shi, ta faɗi abin da ke damunsa da yadda za ta yi masa aiki, malamai na tsaye a kanta, har da wanda aka gayyato daga wata jami'a.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu suka fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan ta buɗe kwas ɗin digirinsa a 1966. A nan Kano daga makarantar fisiyo ta tarayya da ke asibitin ƙashi na Dala ya faro, daga baya ya koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero, wadda ɗalibanta ke samun horo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ita ce mafi kusa da ku cikin tsofaffin, akwai kuma Jami'ar Maiduguri. Sababbin jami'o'i, na gwamnati da na kuɗi, suna ta buɗe kwas ɗin, kuma a nan nake so ka buɗe ido. Akwai hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista, MRTB, wadda aka kafa da doka ta 38 ta 1988. Ita ke ba da lasisi. Kafin ka biya ko sisi a wata makaranta, ka tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin, MRTB ma ta amince. Biyun ake buƙata. Kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a allon talla ko abin da mai karɓar kuɗi ya faɗa maka, ka sa wani ya duba jerin makarantun da hukumar ta fitar. Digiri ba lasisi, a wannan aikin, takardar ado ce. Haka wanda ya yi karatun a ƙasar waje, sai ya dawo ya bi ta hannun hukumar kafin ya taɓa majinyaci.

To amma duk wannan gaba ne. Abin da ke gabanku yau shi ne aji biyun da take ciki, kuma ni a ganina nan 'ya'yanmu na karkara suka fi faɗuwa, tun kafin a je ga JAMB. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Wasu jami'o'i na karɓar zama biyu, amma mai zama ɗaya ya fi kwanciyar hankali. Kai malami ne, ka je makarantarsu da kanka ka tambaya: akwai malamin Fiziks? Sun taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje? Na sha ganin yaro mai ƙwaƙwalwa ya gama sakandare da sunan ɗan kimiyya, alhali Fiziks ɗinsa duka ɗan hidimar ƙasa ne ya koyar da shi na wata shida ya tafi. 'Yan makarantun kimiyya irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ko ta 'yan mata da ke Taura, da su za ta yi takara. In babu malami, a nemo mai yi mata darasi a Ringim ko da ranar Asabar da Lahadi ne. Kuɗin da za ka kashe a nan ya fi kowanne amfani.

A JAMB darussa huɗu za ta zaɓa: Turanci, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, maki 400, kuma a kwamfuta ake yi. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, rabin awa zai tafi tana rawar hannu, saboda haka ta yi jarrabawar gwaji, ta kuma samu inda za ta riƙa taɓa kwamfuta kafin ranar. Makin da JAMB ke sanarwa a rediyo a matsayin mafi ƙaranci kada ya ruɗe ku, ba na kwasa-kwasan lafiya ba ne. Gurbin fisiyo kaɗan ne, masu nema kuma har da ɗimbin waɗanda suka nemi likitanci ba su samu ba. Ta sa ranta a kan maki mai yawa sosai. Akwai abin da ke taimaka mana: jami'o'in tarayya na raba gurbi kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Jigawa da Kano kuwa suna cikin rukunin biyu na ƙarshe a Jami'ar Bayero. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ta zama a hannu. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN da WAEC da JAMB, harafi ɗaya na iya jawo muku zirga-zirgar wata guda.

Ga wani kuskure da ke ba ni takaici duk shekara. Akwai kwas da ake kira Fiziyoloji, akwai namu Fisiyoterafi. A Turance farkon rubutunsu iri ɗaya ne, suna kusa da juna a jerin kwasa-kwasai. Na san yaron da mai cike masa fom ya danna na farkon, bai gane ba sai da ya yi rajista ya shiga aji. Fiziyoloji ilimi ne mai daraja, shekara huɗu, amma ba ya ba da lasisin duba marar lafiya. Ranar cike fom ta karanta abin da ke kan allon kwamfuta da idonta, harafi bayan harafi, kafin a tura.

In ba ta samu ba a karon farko, ta sake JAMB, ko ta yi karatun share fage na IJMB ta nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Don kuɗin makaranta kuwa, akwai tallafin karatu na jiha, akwai kuma bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 ga 'yan makarantun gwamnati.

Shawarar baffa ba ta banza ba ce, a yi mata adalci. Kwalejin kiwon lafiya ta Jahun ko ta jinya da ke Birnin Kudu hanya ce mai kyau, ta fi gajarta, ta fi sauƙin kuɗi, kuma ƙauyukanmu na neman ma'aikatan ruwa a jallo. In gida ba zai iya ɗaukar shekara shida ba, babu abin kunya a nan. Abin da nake so ku gane kawai shi ne wani aikin ne daban, ba tsani ba ne zuwa fisiyo. Haka masu koyon sa siminti a karaya, aikinsu daban. Kuma ko da tsarin DPT ya sa ana kiranta dakta, ba likitar tiyata ko ta rubuta magani za ta zama ba. A gaya wa dangi tun yanzu, kada a riƙa kawo mata masu zazzaɓi a zaure.

Batun 'ya mace kuwa, ni da za a tambaye ni, mata muka fi buƙata. A ajin aikin hannu ɗalibai a jikin junansu suke koyo, a nan Arewa mata da mata ake haɗawa, maza da maza. A asibiti kuwa lokacin horo za ta duba maza da mata, ba zan ɓoye maka ba, da labule da ɗan rakiya da malami a kusa, kamar dai ɗalibar jinya ko ta likitanci. In ta gama tana iya karkata ga mata da yara, kuma aikin da ke jiran ta a nan ya fi ƙarfin mu da muke ciki. Matar da ta yi doguwar naƙuda ta tashi da yoyon fitsari da ƙafa tana ja, irin waɗanda ake kaiwa asibitin Jahun. Jaririn da aka ja hannunsa wajen haihuwa ya saki. Yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, ta taɓa babbar jijiya, ƙafa ta shanye. Yaron da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana jariri, ya shekara biyu wuya bai tsaya ba, ana ce masa ɗan ruwa ana ɓoye shi a ɗaki. An tabbatar da kawar da shan inna na asali daga Afirka a 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan tare da mu. Sau da yawa dattijuwa ta zo da ciwon ƙugu, ta gan ni namiji, ta ce ai ta ji sauƙi, ta tafi ba ta dawo ba. Da mace ta tarar, da ta zauna.

In aure ya zo a tsakiya, ana yi, na ga waɗanda suka yi da goyo. Amma in da hali kada a sa shi tana aji biyu na jami'a, kuma a yi maganar karatun da mijin a gaban manya tun kafin a sa rana. Matar aure ana tura ta hidimar ƙasa jihar da mijinta yake.

Kada in yi maka zaƙin baki game da bayan gamawa. Za a rantsar da ita, a ba ta lasisin wucin gadi, sai neman gurbin intanshif, wanda shi ma layi ne. Ni wata bakwai na yi ina yawo da takardu a jaka. Sai ta kammala shi a asibitin da hukuma ta amince da shi za a ba ta cikakken lasisi, wanda ake sabuntawa duk shekara. Guraben aiki sun fi yawa a birni, a manyan asibitoci irin su Murtala da Dala da Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu. Da yawa daga abokan karatuna suna Saudiyya da Ingila. Wanda ya tsaya a karkara kuma zai yi aiki da abin da ya samu. Inda nake, na'urorin lantarkin sun fi kwana a rufe saboda rashin wuta. Da buhun yashi nake ƙarfafa cinya, kafinta ya haɗa min sandunan koyon tafiya, uwa kuma ina koya mata zaunar da ɗanta a cikin kwali da tsummokara ta kowane gefe. Wanda ya san anatomi ɗinsa ba ya rasa abin yi.

Tunda har yanzu kuna kai Iya, ga abin da za ku yi a zuwa na gaba. Ka nemi shugaban sashen, ka gaya masa yarinya na sha'awar aikin, ka roƙa a bar ta ta zauna ranar asibitin yara in an yi hutun makaranta, tun safe har a tashi. Ta ji kukan yaron da ake miƙe wa gaɓar da ta ƙage, ta ga yawu da fitsari, ta ga uwar da ta shekara tana zuwa kafin ɗanta ya iya zama. A hanyar komawa gida kada ka tambaye ta komai. Ka bari sai bayan kwana biyu, sannan ka ce mata ta ɗauko littafinta na Fiziks ku ga inda aka tsaya.